Daga Allon Yarinya Zuwa Gwangwanin Miya: Waiwaye Kan Zanga-Zangar Ɗumamar Duniya

Masu iya magana kan ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. To amma idan kurciya ta yi ta kuka shekara da shekaru, mai hankalin kuwa ya toshe kunnensa, yaya za ta yi? Ta kira 'yan'uwanta su cika bishiya ne, ko ta sauko ta zauna kan akushin tuwonsa ta hana shi cin abinci? Wannan ita ce gardamar da ta raba kan masu zanga-zangar ɗumamar duniya a ƙasashen Turai da Amurka tsakanin shekarar 2018 da 2025, kuma tarihin wannan gardama muke son mu bi tare da mai karatu a wannan fitowa.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu faɗi abin da ake kuka a kai. Duk lokacin da aka ƙona man fetur ko gas ko kwal, akwai iskar kabon da ke tashi ta taru a sararin sama, ta zama kamar bargo, zafin rana ya shigo ya kasa fita yadda ya saba. Shugabannin duniya sun amince da wannan magana tun a taron Rio na 1992, suka sake zama a Kyoto a 1997, sa'an nan a birnin Faris a 2015 suka yi alkawarin ba za a bari zafin duniya ya ƙaru da digiri 2 ba, za ma a yi ƙoƙarin tsayar da shi a digiri 1.5. A watan Oktoba na 2018 kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fito ya ce, in dai ana son wannan digiri 1.5 ɗin, sai an rage hayaƙin da kusan kashi 45 cikin 100 kafin shekarar 2030. Watau shekara 12 kacal suka rage. Wannan lissafi ne ya fitar da mutane kan titi.

Mu ma ba baƙin zanga-zanga ba ne. Da yawa daga cikinmu mun fita a watan Janairu na 2012, lokacin da aka wayi gari litar man fetur ta tashi daga Naira 65 zuwa 141. An shiga yajin aiki ran 9 ga wata, kasuwanni suka rufe, kafin ran 16 ga wata gwamnati ta sauko zuwa Naira 97. Mai karatu zai lura da abin dariyar da ke ciki: mu mun fita ne don mai ya yi araha, waɗannan da za mu yi magana a kansu sun fita ne don a daina ƙona shi. Duk da haka wancan mako ya bar mana ma'auni. Buƙatarmu ɗaya ce, mutumin da zai sa hannu ɗaya ne, kuma kowa ya san ranar da aka samu abin da aka samu. Da wannan ma'auni za mu auna abin da ya biyo baya.

Taron dangi

Ran 20 ga Agusta, 2018, wata yarinya 'yar shekara 15 mai suna Greta Thunberg ta ƙi zuwa makaranta, ta je ta zauna a bakin Majalisar Dokokin ƙasar Suwidin da allo a hannunta. Ta yi ta zuwa kullum har ranar zaɓen ƙasar a watan Satumba, daga nan ta mai da abin kowace Jumma'a. Cikin shekara guda ɗalibai a ƙasashe fiye da 100 suka bi sahunta. Ran 20 ga Satumba, 2019, masu shirya taron sun ce mutum kimanin miliyan 4 ne suka fito a duniya baki ɗaya, miliyan 1.4 daga cikinsu a Jamus kaɗai.

A wannan rana ce kuma gwamnatin Angela Merkel ta bayyana shirinta na yaƙi da ɗumamar yanayi. Da aka buɗe takarda sai aka ga harajin da za a ɗora wa kowane tan na hayaƙi Yuro 10 ne, kuma ba zai fara aiki ba sai 2021. Masana tattalin arzikin ƙasar sun daɗe suna faɗin cewa sai an ninka wannan sau da yawa kafin ya sa wani ya sake hali. Yaran suka koma gida da takaici. Daga baya, a watan Disamba, aka ɗaga kuɗin zuwa Yuro 25, amma wannan ya fito ne daga ciniki tsakanin jam'iyyu a majalisar jihohi. Ana cikin haka annobar korona ta zo a 2020 ta share tituna, kuma taron bai sake kai wancan yawan ba.

Ba za mu ce taron dangi aikin banza ba ne. Shi ya sa maganar ta shiga bakin kowane ɗan siyasa a Turai, ya kuma ƙara wa jam'iyyun kare muhalli ƙuri'a a zaɓen Majalisar Turai na Mayun 2019. Sai dai shugabanni sun gano wata dabara tun da wuri, watau su gayyaci yarinyar, su tafa mata, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Macin da ya tashi da hantsi ya watse da la'asar bai hana kowa barci ba.

Masu toshe hanya

A Ingila wasu sun riga sun yanke shawarar cewa maci ba ya kai ko'ina. Ƙungiyar Extinction Rebellion, wadda sunanta ke nufin tawaye ga ƙarewar halitta, ta bayyana kanta a gaban Majalisar Dokoki ran 31 ga Oktoba, 2018. Dabararsu ita ce karya doka a fili ba tare da ɗaga wa kowa hannu ba, a zauna a tsakiyar titi har 'yan sanda su gaji da kamu. Suna da hujjar da suke kafawa. Wasu masana biyu 'yan Amurka, Erica Chenoweth da Maria Stephan, sun buga littafi a 2011 inda suka bi diddigin gwagwarmaya 323 daga 1900 zuwa 2006, suka gano cewa waɗanda ba a ɗauki makami ba sun ci nasara kashi 53 cikin 100, na makami kuwa kashi 26. Daga wannan bincike aka ciro wata magana da ta zama kamar karatun sallah a bakin 'yan ƙungiyar, cewa in kashi 3.5 cikin 100 na jama'ar ƙasa suka fito suka dage, gwamnati ba ta da yadda za ta yi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, gwagwarmayar da aka ƙirga ta tumɓuke 'yan kama-karya ce da korar 'yan mamaya da neman ɓallewa. A can akwai mutum guda a fada, in ya hau jirgi ya gudu an gama. Ɗumamar duniya ba ta da fada. Tana cikin tankin motar kowa da tukunyar gas ɗin kowa, har da ta wanda ke zaune a kan titin.

Amma a karon farko abin ya yi kamar zai tabbata. Daga 15 ga Afrilu, 2019, suka mamaye manyan mahaɗu na tsakiyar Landan har kwana 11. Suka girke wani jirgin ruwa mai launin hoda a mararrabar Oxford Circus, suka jera tukwanen shuke-shuke a kan gadar Waterloo. An kama mutum fiye da 1,100, cikinsu da tsofaffi da likitoci da malaman coci, kuma hoton ɗan sanda yana ɗauke da tsohuwa mai furfura ya yi musu aikin da jawabi dubu ba zai yi ba. Ran 1 ga Mayu Majalisar Wakilai ta amince da ƙudirin cewa ƙasar tana cikin halin ta-ɓaci game da yanayi. Kafin ƙarshen Yuni gwamnatin Theresa May ta mai da shi doka cewa zuwa 2050 Birtaniya ba za ta ƙara wa sama hayaƙin da ba ta janye ba.

A nan ne mai rubuta tarihi ya kamata ya taka a hankali. Ƙudirin ranar 1 ga Mayu bai ɗaure gwamnati da komai ba. Dokar 2050 kuwa, kwamitin da ke ba gwamnati shawara kan yanayi ne ya kawo ta a rahotonsa na 2 ga Mayu, rahoton da aka nemi ya rubuta tun Oktoban 2018. Daɗin daɗawa Theresa May tana gab da sauka daga mulki, tana neman abin da za a tuna ta da shi. Zakara ya yi cara, gari ya waye. Shin carar ce ta kawo asuba? A namu ganin, rahoton ne ya kawo takarda, masu zaman titi kuma su suka sa ya zama abin kunya a jefa ta cikin durowa. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, amma bai kai abin da suka nema ba, domin su 2025 suka ce, ba 2050 ba.

Wata shida bayan nan suka yi kuskuren da har yau ake misali da shi. Da sanyin safiyar 17 ga Oktoba, 2019, wasu 'yan ƙungiyar suka hau rufin jirgin ƙasa a tashar Canning Town da ke gabashin Landan. Unguwa ce ta talakawa, masu jiran jirgin kuwa leburori ne da masu shara da masu gadi, irin waɗanda in sun makara za a yanke musu albashi. Jirgin ma na lantarki ne, watau irin abin hawan da masu kare yanayi ke roƙon a hau. Jama'a suka fusata, suka janyo su ƙasa, aka rufe ɗaya da duka. Akasarin 'yan ƙungiyar ba su goyi bayan wannan fita ba tun kafin a yi ta, amma tsarinsu ya ba kowane rukuni damar yin abin da ya ga dama da sunan ƙungiya. Jifa ta wuce kan mai gona ta sami ɗan ƙodago.

Miya a kan zane

Waɗanda suka ga cewa an yi sanyi sai suka ɓalle. A watan Fabrairu na 2022 aka kafa Just Stop Oil, kuma sun koyi darasi ɗaya mai kyau, domin buƙatarsu guda ce tak: gwamnati ta daina ba da sabon lasisin haƙar mai da gas. A watan Afrilu suka nufi inda ya dace, suka toshe manyan rumbunan mai, aka kama ɗaruruwa. Jaridu ba su damu sosai ba. Ran 14 ga Oktoba, 2022, wasu matasa biyu, Phoebe Plummer da Anna Holland, suka shiga babban gidan adana zane-zane na Landan, suka watsa miyar tumatir ta gwangwani a kan sanannen zanen furanni na Van Gogh, suka manne hannuwansu a bango da gam. Gilashi ya kare zanen, katakon gefensa ne kawai ya ɓaci. Kafin dare duniya duka ta ji.

Mu marubuta ya kamata mu tsaya a nan kaɗan, domin wannan aiki ne na masu sanin yadda labari ke tafiya. Sun gwada rumbun mai ba a kalle su ba, suka gwada zane aka kalle su. Laifin wa ke nan? Ya zuwa wannan wata na Oktoba ambaliya ta ci rayuka fiye da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da mutum miliyan 1 da gidajensu, tun daga Jigawa har Bayelsa, ruwa ya datse hanyar Lokoja motoci suka yi kwanaki. Masanan da suka bincika sun ce ɗumamar duniya ta ƙara yiwuwar irin wannan ruwan sama ninkin-ba-ninki. Amma a jaridun Turai gwangwanin miya ya fi wannan samun fili. Matasan suna iya cewa abin da muke nuna muku ke nan. Masu sukarsu kuma suna iya cewa, to ai ku ma kun taya an binne labarin, tun da mako guda aka yi ana gardama a kan miya da zane, ba wanda ya yi maganar lasisin mai. Dukkansu biyu suna da gaskiya, abin da ya sa gardamar ta ƙi ƙarewa ke nan.

Abin da ba a gardama a kansa shi ne martanin hukuma. Dokar 2022 da ta 2023 sun faɗaɗa ikon 'yan sanda, har ɗaure kai da sarƙa ko manne hannu a wuri ya zama laifi mai zaman kansa. A watan Nuwamba na 2022 'yan ƙungiyar suka hau ƙarafan allunan babbar hanyar M25 da ta kewaye Landan, aka yi kwana huɗu ana tsayar da motoci, wasu suka rasa ganin likita, wasu suka rasa jana'iza. A watan Yuli na 2024 aka ɗaure Roger Hallam, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyoyin biyu, shekara 5, abokansa huɗu shekara 4 kowanne, saboda shirya abin a wani taro ta intanet. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage wa Hallam zuwa shekara 4 a Maris na 2025. Masu miya kuwa, ɗaya ta sami shekara 2, ɗaya wata 20. Waɗannan dokoki suna nan, kuma ba su tambayar mai zanga-zanga ko a kan yanayi ya fito ko a kan albashi.

Ita uwar ƙungiyar, Extinction Rebellion, ta sanar a jajibirin shekarar 2023 cewa ta bar takura wa jama'a. A watan Afrilu ta tara dubun-dubatar mutane a gaban Majalisa har kwana huɗu cikin lumana, tare da ƙungiyoyin ƙwadago da na addini. Ba a kama kowa ba, kuma kusan ba wanda ya ji labari. Ga shi nan dai, an yi hankali ba a kula ba, an yi hauka an sha zagi.

Ran 27 ga Maris, 2025, Just Stop Oil ta ce ta ajiye aiki, domin buƙatarta ta zama manufar gwamnatin Leba da ta hau mulki a Yulin 2024. Da bakinsu suka ce an kama mutanensu sau 3,300, an yanke hukuncin ɗauri 180. Jam'iyyar Leba kuwa ba ta taɓa yarda cewa su suka sa ta ba, shugabanta na lokacin Keir Starmer ma ya sha sukar su a fili. Akwai masu cewa haka abin yake tafiya dama, mai tsauri ya sha zagi, mai sassauci ya zo da buƙata iri ɗaya a ga shi mutumin kirki ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Akwai alamar gaskiya a ciki, sai dai kafin Leba ta zo, Firayim Minista Rishi Sunak ya yi amfani da haushin da jama'a ke ji ya sanar da sabbin lasisi fiye da 100 a Yulin 2023.

Bututu

A Amurka an bi wata hanya tun da farko. Maimakon a ce a ceci duniya, sai aka zaɓi bututu guda, Keystone XL, wanda zai ɗauko ɗanyen mai daga Alberta ta Kanada. Da yake zai tsallaka iyakar ƙasa, sai da sa hannun Shugaban Ƙasa, saboda haka kowa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A ƙarshen Agusta da farkon Satumba na 2011 aka kama mutum 1,253 a bakin fadar White House. Manoma da makiyayan Nebraska masu tsoron ruwan rijiyoyinsu suka haɗa kai da ƙabilun asalin ƙasar, lauyoyi suka yi ta jan ƙafar aikin a kotu. Obama ya ƙi sa hannu a Nuwamban 2015, Trump ya farfaɗo da shi a 2017, Biden ya soke izinin ranar da ya hau mulki a Janairun 2021, kamfanin ya haƙura a watan Yuni. Shekara 10 a kan bututu ɗaya. A cikin waɗannan shekaru kuma Amurka ta zama ƙasar da ta fi kowace haƙo mai a duniya.

Ganin haka ne wani malamin jami'a ɗan Suwidin, Andreas Malm, ya fitar da littafi a 2021 yana cewa lumana tsantsa ta gaza, lokaci ya yi da za a fara lalata bututu da injuna, ban da taɓa rai. Littafin ya yi farin jini a jami'o'in Turai. Mu a ƙasar nan ba ma buƙatar a ba mu labarin fasa bututu. Daga 2006 zuwa 2009 'yan bindigar yankin Neja Dalta sun yi ta fasawa, man da ake fitarwa ya ragu ƙwarai, har marigayi Shugaba 'Yar'aduwa ya yi musu afuwa a 2009 aka yanka wa kowa Naira 65,000 a wata. Gaskiya ne su rabon arzikin mai suke nema, ba su fito don yanayi ba. Amma tambayar ita ce abin da dabarar ke haifarwa, kuma mun gani: an biya masu bindiga, man da ya malala ya ƙara kashe kifi da gonaki, wutar gas ta ci gaba da ci dare da rana.

Wanda ya rufe rijiyoyin mai da gaske a wannan yanki bai riƙe ko wuƙa ba, kuma ɗan'uwanmu ne marubuci. Ken Saro-Wiwa, wanda da yawanmu muka sani ta wasansa na talbijin Basi and Company, kuma ya shugabanci Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya a farkon shekarun 1990, ya fara ne da takarda, watau kundin haƙƙoƙin Ogoni na 1990. Ran 4 ga Janairu, 1993, mutum kimanin 300,000 suka fito cikin lumana, daga al'ummar da ba ta fi rabin miliyan ba. Ina ake maganar kashi 3.5? Wannan ya haura rabi. A cikin shekarar kamfanin Shell ya janye daga ƙasar Ogoni, aka shafe fiye da shekara 30 ba a koma haƙa ba. Ba mu san wata zanga-zanga a Turai da ta bar mai a ƙarƙashin ƙasa tsawon wannan lokaci ba. Dalili kuwa a fili yake: mutanen a kan rijiyoyin suke zaune, ba wanda zai ce musu ku tashi ku koma gida.

Kuɗin da aka biya ma a fili yake. Sojoji suka shiga ƙauyuka. Ƙungiyar ta rabu gida biyu a kan dabara, musamman batun ƙaurace wa zaɓen 12 ga Yuni, 1993, kuma wannan ɓaraka ce ta kai ga kisan dattawan Ogoni huɗu a Mayun 1994. Kotun musamman ta gwamnatin Abacha ta ɗora laifin a kan Saro-Wiwa da wasu takwas, aka rataye su a Fatakwal ran 10 ga Nuwamba, 1995. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce tsabtace ƙasar Ogoni zai ci shekara 25 zuwa 30. Idan matashin Landan yana lissafin wace dabara ce ke aiki, iyakar abin da ke kan sikelinsa shekara 5 ne a kurkuku. Wannan ba wasa ba ne, amma kada a ɗauko lissafinsa a kai wa wanda ke fuskantar bindiga.

Kotu da akwatin zaɓe

Mu koma Jamus, inda muka bar yara miliyan 1.4 da Yuro 10. Wasu 'yan kaɗan daga cikinsu, har da Luisa Neubauer da ke jagorantar yajin Jumma'a a ƙasar, suka kai gwamnati Kotun Tsarin Mulki. A watan Afrilu na 2021 kotun ta ce dokar yanayi ta tura nauyin rage hayaƙi zuwa bayan 2030, ta haka ta tauye 'yancin masu tasowa. Cikin wata biyu majalisa ta gyara doka, aka ɗaga ragin 2030 daga kashi 55 zuwa 65, aka matso da wa'adin ƙarshe daga 2050 zuwa 2045. A Ingila wata mata mai suna Sarah Finch ta yi shekaru tana shari'a a kan 'yar ƙaramar rijiyar mai a yankin Surrey, har Kotun Ƙoli ta yanke a Yunin 2024 cewa kafin a ba da izini sai an lissafa hayaƙin da za a yi in an ƙona man. Da wannan hukunci aka rushe izinin sabuwar mahaƙar kwal a Cumbria bayan wata uku. Haka kuma ɗaliban lauya na tsibiran Fasifik ne suka fara kiran da ya kai ga Kotun Duniya ta bayyana, ran 23 ga Yuli, 2025, cewa kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe. Sai dai wannan fatawa ce, kotun ba ta da ɗan sanda ko ɗaya. Kotu kuma takan ba da ta karɓe: hukuncin da wata kotun Holan ta yanke a 2021 cewa Shell ya rage hayaƙinsa da kashi 45, kotun gaba ta soke shi a Nuwamban 2024.

Mai karatu zai iya cewa ashe lauya ya fi mai allo. Mu ba mu ce haka ba. Alƙalan Jamus suna da 'ya'ya da jikoki, sun kuma ga titunan 2019 da idonsu, masu ƙarar ma daga titin suka fito.

In kuwa aka auna da sararin sama kansa, babu wanda zai yi guɗa. Hayaƙin man fetur da gas da kwal ya haura tan biliyan 37 a 2024, ya fi na shekarar da Greta ta fara zama, kuma 2024 ce shekara ta farko da zafin duniya ya tsallake digiri 1.5. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka rage wa kwal kasuwa a waɗannan shekaru shi ne faɗuwar farashin faifan sola, wanda ya sauko da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Shi ma in aka bi saiwarsa, a wata zanga-zanga za a tsaya. A watan Fabrairu na 1975 manoman inabi da ɗalibai suka mamaye filin da za a gina tashar nukiliya a ƙauyen Wyhl na kudancin Jamus, ba a kuwa gina ta ba. Daga irin wannan gwagwarmaya aka kafa jam'iyyar kare muhalli a 1980, ta shiga majalisar tarayya a 1983, ta shiga gwamnati a 1998. A shekarar 2000 aka yi dokar da ta tabbatar wa duk mai faifan sola a rufinsa cewa za a sayi wutarsa da farashi mai tsoka har shekara 20. Jamusawa suka yi ta saye, masana'antun Sin suka yi ta ƙerawa, yawan ƙira ya karya farashi. Faifan da ke kan rumfar mai cajin waya a bakin layinmu ta wannan hanya ya iso. Manoman Wyhl ba su taɓa jin sunan Kano ba, ba kuma don yanayi suka kwana a fili ba, gonakin inabinsu suke tsoro. Tsakanin kwanansu a filin da ranar da aka sa hannu a dokar, shekara 25 ce.